Masu walda da 'ya'yansu: yadda wata masana'antar ƙera jiragen ruwa a Amurka ta yi da fashin aikin iyaye mata, 1942 zuwa 1945

Asalin lamarin, 1940 zuwa 1941

Birnin Portland yana jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, kusa da inda kogin Willamette ke faɗawa cikin kogin Columbia. A ƙidayar 1940 mutanensa 305,000 ne da 'yan kai, kuma yawancinsu da katako da lodin kaya a tashar jiragen ruwa suke ci. A wannan lokaci jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen dakon kaya na Ingila fiye da yadda ake iya ƙera madadinsu. Sai gwamnatin Amurka ta shiga raba kwangilar ƙera jiragen dako masu yawa, samfuri ɗaya, cikin gaggawa. Cikin waɗanda suka samu har da Henry Kaiser, ɗan kwangilar da ya yi suna a gina hanyoyi da madatsun ruwa, ba a ƙera jirgi ba. Ɗansa Edgar Kaiser shi ya riƙe masana'antun wannan yanki guda uku: biyu a bakin Willamette, ɗaya a tsallaken Columbia, a garin Vancouver na jihar Washington. Biyun bakin Willamette su ne abin dubawa a nan. Ɗaya tana ƙera jiragen dakon kaya, ɗayar kuma, wadda aka gina a tsibirin Swan inda da filin jirgin saman birnin yake, tana ƙera jiragen dakon mai.

Jirgi na farko ya shiga ruwa ranar 27 ga Satumba 1941. Bayan mako goma, ranar 7 ga Disamba, Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙi. Daga nan buƙatar jirage ta ninka, samari majiya ƙarfi kuwa soja ya fara kwashe su.

Akwai abu guda a fasahar ƙirar da ya buɗe wa mata ƙofa. A da, maƙerin jirgi yakan yi shekaru yana koyon sana'a, kuma da ƙusoshin ƙarfe masu zafi ake haɗa faifan jikin jirgi. Sabon tsarin ya koma walda, aka yayyanka aikin gunduwa-gunduwa, ana haɗa manyan sassa a gefe sannan a ɗauko su da ƙugiya a ɗora. Wanda zai yi walda iri ɗaya kullum ba ya buƙatar shekara huɗu. Makonni kaɗan sun ishe shi ya fara. A watan Satumba 1942 ɗaya daga cikin masana'antun nan ta sa jirgi a ruwa kwana goma kacal bayan an kafa gindinsa.

Shigowar mata, 1942

A watan Afrilu 1942 aka ɗauki mata na farko aikin walda. Ƙungiyar ƙwadago ta maƙeran tukwanen jirgi, wadda sai da katinta ake irin wannan aiki, ta yi ta jan ƙafa, amma kafin shekarar ta ƙare ta amince mata su shiga. Ƙwararren mai walda yana samun dala 1 da santi 20 a awa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a dokar tarayya santi 30 ne. Matar da a da take wanki a otal ko raba abinci a gidan cin abinci ta ga kuɗin da ba ta taɓa riƙewa ba. Shi ya sa ba daidai ba ne a ɗauka duk matan nan daga ɗaki suka fito. Da yawansu sun daɗe suna aikin albashi, sai dai mai ƙaramin lada. Abin da ya sabunta shi ne irin aikin, da kuma yawan matan aure da masu ƙananan yara a cikinsu.

A faɗin ƙasar, mata masu aikin albashi sun tashi daga kimanin miliyan 12 a 1940 zuwa sama da miliyan 18 a 1945. A masana'antun nan uku kuwa ma'aikata sun kusa 100,000 lokacin da aiki ya kai ƙololuwa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu mata ne. Portland ba ta da waɗannan mutane, sai da aka ɗebo su daga nesa, har jirgin ƙasa na musamman kamfanin ya riƙa ɗauka daga New York. Gidaje suka yi ƙaranci, don haka daga ƙarshen 1942 aka gina sabon gari sukutum a fadamar da ke bakin Columbia, aka sa masa suna Vanport. Ya ɗauki mutum wajen 40,000, ya zama gari na biyu a girma a duk jihar.

Inda matsalar ta ɓullo, ƙarshen 1942 zuwa tsakiyar 1943

Masana'anta ba ta barci. Aiki kashi uku ne, na safe da na yamma da na dare, kowane ma'aikaci kuma kwana shida yake yi a mako. Ba a daɗe ba masu kula da rajista suka lura mata sun fi maza fashin aiki, kuma sun fi su ajiye aiki bayan an gama koya musu. A aikin da aka jera kamar sarƙa, rashin mai walda ɗaya yakan tsayar da na gaba da ita, sashe bai haɗu ba, ƙugiya na jira, jirgi ya makara.

Ruwa ba ya tsami banza. Matar da ta yi awa takwas tana walda, ta ƙara da doguwar tafiya a motar haya cike maƙil, idan ta isa gida sauran aiki na nan yana jiranta. Sukari da kofi da nama da man fetur duk da katin rabo ake saye, sai an yi layi, kuma kafin ta tashi aiki wasu kantunan sun rufe ko kaya sun ƙare. Ga wanki, ga girki. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kuwa, babu zancen fita.

Babban abin shi ne yaran. A wurinmu, mace in za ta fita takan bar yaro wajen kakarsa ko ƙanwarta ko matar gida, ko ta nemi 'yar raino, ko ta goya shi ta tafi. Waɗannan matan baƙi ne, danginsu suna can nesa, tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa, maƙwabciyar ma tana aiki, kuma ba a shiga cikin jirgi da goyo ana tartsatsin wuta. Jaridun ƙasar sun cika da labaran garuruwan masana'antun yaƙi: yara da makullin gida rataye a wuya, wasu an kulle su a mota a wurin ajiye motocin ma'aikata, wasu an bar su a gidan sinima har dare.

Abin da aka fara gwadawa

Mataki na farko shi ne kauce wa matsalar. A 1942 hukumar tarayya mai kula da samar da ma'aikata lokacin yaƙi, ƙarƙashin Paul McNutt, ta fitar da matsayi cewa babban nauyin da ke kan mai ƙananan yara shi ne ta kula da su a gidanta, kuma kada a neme ta aiki sai an rasa kowa. Ba a jima ba aka rasa kowa. Masu yara kuma ba su jira a neme su ba, don mijin da ke soja abin da ake aiko wa iyalinsa ba ya kai su ko'ina.

Na biyu shi ne wa'azi. Aka manna hotuna a bango, aka yi ta rubutu a mujallar ma'aikata, ana nuna cewa fashin aiki taimakon abokan gaba ne. Wannan yana iya kama wanda ya yi fashi don ya kwana shan giya. Uwar da ba ta da inda za ta ajiye ɗan shekara biyu, hoton bango bai canja mata komai ba.

Na uku ya fi ma'ana. Akwai dokar Lanham ta 1940, wadda aka yi don samar da gidaje da ababen more rayuwa a garuruwan da aikin tsaro ya cika da baƙi. Daga 1942 aka fassara ta yadda za ta haɗa da gidajen rainon yara. Hukumomin makarantu da kwamitocin gari suka buɗe irin waɗannan gidaje a unguwanni, uwa tana biyan santi 50 a rana. A duk ƙasar sun haura 3,000, kuma a tsakiyar 1944 suna riƙe da yara wajen 130,000 a lokaci guda. Sun taimaki wasu, amma ga mai aikin jirgi giɓinsu a fili yake. Neman kuɗin daga tarayya yana cin watanni da tarin takardu, kuma sai gari ya kawo nasa kason. Yawancinsu da rana kawai suke aiki, mai aikin yamma da ta dare ba su da rabo. Suna cikin unguwanni, wato sai uwa ta yi tafiya biyu kafin ta isa ƙofar masana'anta da sassafe. Ba sa karɓar yaro marar lafiya. Sannan da yawansu gadon gidajen rainon da gwamnati ta buɗe wa matalauta ne a shekarun 1930, lokacin karyewar tattalin arziki, kuma macen da ke cin guminta ba ta son a ga ɗanta a inda ake ɗauka na masu karɓar agaji ne.

Shawarar 1943

A 1943 Edgar Kaiser ya yanke cewa kamfani zai yi nasa, kuma a bakin ƙofar shiga aiki. Hukumar tarayya mai kula da jiragen ruwan fatauci, wadda ita ce mai kwangilar jiragen, ta biya kuɗin gini. Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, tana cikin masu goyon baya. Masu adawa ma ba su yi shiru ba. Kwamitin kula da yara na yankin da jami'an ofishin yara na tarayya sun ce bai dace a riƙa jigilar ƙananan yara zuwa wurin hayaniya da cunkoso ba, kuma rainon yara aikin al'umma ne, kada a bar shi hannun mai ɗaukar aiki wanda jirgi ne a gabansa.

Aka yi gidajen raino biyu, ɗaya a kowace daga cikin masana'antu biyun da ke bakin Willamette. Fasalinsu kamar ƙafar keke: ɗakuna 15 sun kewaye fili a tsakiya, inda yara ke wasa nesa da titi, da 'yan ƙananan tafkunan wanka. Kowane ɗaki na yara 25 ne, wato 375 a kowane kashin aiki, 1,125 a yini da dare. An yi tagogi manya yadda yaro zai hango jiragen da uwarsa ke aiki a kai. Bayan gida da wurin wanke hannu da kujeru duk daidai tsayin yara.

Shugabancin aka ba Lois Meek Stolz, masaniyar tarbiyyar ƙananan yara wadda ta taɓa shugabantar cibiyar nazarin girman yara a jami'ar Columbia. James Hymes shi ne manaja mai zama a wurin kullum, Miriam Lowenberg kuma ta riƙe sashen abinci. Malamai daga kwalejoji daban-daban na ƙasar aka ɗebo su, masu digiri a wannan fanni, aka kuma biya su daidai da abin da ma'aikatan jirgi ke samu, wanda ya fi albashin malamar raino na wancan lokaci nesa ba kusa ba. Uwa za ta biya dala 5 a mako na kwana shida kan yaro na farko, dala 3 da santi 75 kan kowane ƙari, har da abinci.

Ranar buɗewa, 8 ga Nuwamba 1943

Gine-ginen da aka yi wa yara sama da 2,000, yaran da aka kawo ranar farko a duka biyun ba su kai 150 ba. Ɗakuna a share, malamai a tsaye, gadaje babu kowa. Masu adawa suka samu abin faɗa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Uwar da ta sha wahala ta samu wata tsohuwa a unguwa mai riƙe mata yaro ba za ta rushe wannan shiri don sabon abin da ba ta gani ba. Damina ce irin ta Portland, ruwa da sanyi da duhun asuba, ga motocin haya babu wurin sa ƙafa. Kuɗin ma ya ɗara na gidajen Lanham, inda kwana shida ke kamawa dala 3. Kuma mutane da yawa, har da matan kansu, sun taso ne a kan cewa barin ƙaramin yaro hannun baƙi abin kunya ne.

Gyare-gyaren da suka biyo baya, ƙarshen 1943 zuwa 1944

Ma'aikatan gidan ba su tsaya jiran iyaye su canja ra'ayi ba. Suka riƙa tambayar matan abin da ke hana su zuwa aiki, duk abin da aka ambata sai a nemi yadda za a ɗauke shi.

Gidan ya zama ba ya rufewa, dare da rana. Yaron mai aikin yamma yakan ci abincin dare, a yi masa wanka, ya kwanta, uwar ta tashi tsakar dare ta ɗauke shi a naɗe cikin bargo. Ana karɓar yara tun daga wata 18 har shekara shida. Akwai ɗakin jinya da nas-nas, saboda haka mura ko ɗan ciwon da bai kai na asibiti ba ya daina cin ranar aiki guda, kuma ana yi wa yara allurar rigakafi a nan. Aka buɗe ƙofa ga wadda ba ta yi rajista ba amma mai riƙe mata yaro ta ba ta kunya da safe: ta kawo shi na yini ɗaya, ta biya na yini ɗaya. Da yawa ta wannan hanya suka fara, suka ga wurin da idonsu, gani ya kori ji, suka dawo suka yi rajista. 'Yan makaranta ma aka yi musu wuri ranar Asabar da lokacin hutu.

Sai kuma abin da ba na yara ba. Ɗakin girkin gidan ya fara dafa abincin dare na iyali, uwa ta yi oda tun da wuri, idan ta zo ɗaukar ɗanta ta karɓi ƙunshinta, ta je gida ta ɗumama kawai. Akwai masu yi wa kayan yara ɗinki da faci, da ɗan kanti na ƙananan abubuwan buƙata. Wanda ya taɓa ganin mace ta dawo daga aiki magariba ta tarar da tukunya a wanke tana jiranta ya san nauyin da wannan ƙunshi ya sauke.

Lissafin kuɗin a wajen mai walda ba mai wuya ba ne. Dala 5 ladan awa huɗu ne da 'yan mintoci. Fashin yini ɗaya kuwa dala 9 da santi 60 ne suka tafi. Amma abin da iyaye ke biya bai kusa riƙe gidan ba. Cikon kamfani ne ke yi, ya sa shi cikin kuɗin gudanar da masana'anta, kwangilar kuwa irin wadda gwamnati ke mayar wa ɗan kwangila abin da ya kashe ce, ta ɗora masa lada a kai. Ke nan baitulmalin Amurka ne ya yi rainon, ta hannun kamfani.

Yara suka yi ta ƙaruwa har suka haura 1,000 a watan Satumba 1944. A tsawon rayuwar gidajen biyu, yara 3,811 suka ratsa ta cikinsu, kuma lissafin masu gudanarwa ya nuna sun ba iyaye mata damar yin aiki na kusan awa miliyan biyu.

Rufewa, 1945 zuwa 1946

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu 1945, Japan a watan Agusta. Kwangiloli aka soke, sallama ta fara, mata kuma suna cikin na farko da aka sallama, domin su ne sababbin shiga, kuma an ce a bar wa sojojin da ke dawowa wuri. A watan Satumba 1945 aka rufe gidajen biyu, ba su cika shekara biyu ba. Kuɗin Lanham ma, bayan iyaye sun yi ta koke an ƙara musu 'yan watanni, ya tsaya a ƙarshen Fabrairu 1946. Jihar California ce ta fita daban, ta ci gaba da riƙe nata da kuɗinta.

Binciken da ofishin harkokin mata na ma'aikatar ƙwadago ya yi a yankunan masana'antun yaƙi a 1944 da 1945 ya nuna kusan uku cikin huɗu na matan suna son ci gaba da aiki bayan yaƙi. Da yawa sun ci gaba, amma ba da walda ba. Suka koma kanti da ofis da gidan abinci, a kan ladan da bai kai na da ba. Vanport kuwa ambaliya ta share shi ranar 30 ga Mayu 1948.

Me ya sa ya yi aiki, kuma ina ya tsaya

Gidajen Lanham da na masana'anta duk rainon yara suke yi, kuma na masana'anta ne ya fi tsada. Don haka ba araha ce ta raba su ba. Na farko an tsara su ne a kan agogon makaranta, na biyu a kan agogon aiki. Wanda ya gina na biyu yana asara duk ranar da mai walda ba ta zo ba, shi ya sa ya damu da zazzaɓin yaro da abincin dare da ranar da mai raino ta yi fashi, abubuwan da kwamitin gari bai ɗauka nasa ba ne. Ɗakunan da suka zauna babu kowa a Nuwamba 1943 kuma sun nuna gini da ƙwararrun malamai kaɗai ba sa kawo yara. Sai da aka ɗauke ƙananan matsalolin ɗaya bayan ɗaya, aka kuma bar uwa ta gwada na yini guda.

Duk da haka kada a zuzuta. Ko a ranar da suka fi cika, gidajen ba su kai rabin abin da aka gina su su ɗauka ba. Yawancin masu yara a masana'antun nan da 'yan uwa da maƙwabta da manyan 'ya'yansu suka yi ta lallaɓawa har yaƙi ya ƙare, wasu kuma miji na aikin safe mata na aikin dare, suna karɓa-karɓa. Matan baƙar fata, waɗanda aka fi turawa shara da kankare tsatsa a kan ƙaramin lada, lissafin dala 5 bai zo musu da sauƙin da ya zo wa mai walda ba.

Masu adawar 1943 sun yi kuskure a kan yaran, domin sun samu kulawar da har yau masana tarbiyya a Amurka ke misali da ita. Amma a kan wanda ya kamata ya riƙe abin, maganarsu ta fito. Tun farko a littafin kuɗi an rubuta rainon ne cikin kuɗin ƙera jirgi, kusa da ƙarfe da wutar walda, saboda haka ranar da aka daina buƙatar jirgi aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta. Buƙatar matan ba ta ƙare a Satumba 1945 ba, layin da aka rubuta ta a kai ne aka goge. Sai a 1971 majalisar dokokin Amurka ta sake amincewa da shirin rainon yara na ƙasa baki ɗaya, shugaba Nixon kuma ya ƙi sa masa hannu a watan Disamba na shekarar.